Yadda Ake Gyara Jirgin Tirola Ya Ratsa Faransa ta Ƙarƙashin Gajerun Gadoji

Jirgin shaƙatawa da ake kira tirola an ƙera shi ne a kan siffar jiragen masunta na teku: ciki mai faɗi, injin dizal marar gaggawa, manyan tankunan mai, ɗakin tuƙi a tsakiya, sannan benen tuƙi a samansa da doguwar sanda mai ɗauke da fitila da rada. A teku wannan tsayi alheri ne, don matuƙi yana hango nesa. A hanyoyin ruwan da aka haƙa a cikin Faransa kuwa, wato kanal, tsayin nan shi ne babbar matsala. Mai son ya shiga daga Le Havre ta kogin Seine, ya bi ta Paris, ya fito Bahar Rum a Port-Saint-Louis-du-Rhône, tafiyar kimanin kilomita 1,300, zai wuce ƙarƙashin ɗaruruwan gadoji, kuma guda ɗaya da ta fi ƙarfinsa ta isa ta mayar da shi inda ya fito.

Yawancin ƙananan kanal na tsakiya da arewacin ƙasar suna bin ma'aunin da dokar Freycinet ta 1879 ta kafa. Matakalar ruwa, wato ɗakin nan mai ƙofofi biyu da ake cika shi ko a zubar don jirgi ya hau ko ya sauka, wadda za ka ga an rubuta écluse a allunan hanya, tana ɗaukar jirgi mai tsawon mita 38.5 da faɗin mita 5.05. Nutson jirgi cikin ruwa kada ya wuce mita 1.80, tsayinsa daga fuskar ruwa zuwa ƙololuwa kada ya wuce mita 3.50. Tsawo da faɗi ba sa damun tirola mai mita 11 zuwa 13, kuma nutsonta galibi bai wuce mita 1.2 zuwa 1.4 ba. Wannan 3.50 ɗin ita ce duk aikin ya rataya a kanta.

Auna jirgin da hannunka kafin komai

Kada ka yarda da lambar da ke cikin takardar kamfani, ko wadda mai sayarwa ya faɗa. Jirgin da ya shekara talatin ko arba'in ya bi ta hannun mutane da yawa, kowa ya ɗora nasa: wannan ya sa rumfa, wancan ya sa farantin sola, wani ya ɗaga kujera. Ka zaɓi safiya da ruwa ya kwanta, babu iska. Tankin mai da na ruwa su kasance kusa da ƙarewa, babu kowa a cikin jirgin sai mai riƙe katako, domin a wannan hali ne jirgi ya fi tsayi, kuma da mafi munin lamba ake shiri.

Ka samu miƙaƙƙen katako ko bututun alminiyam da ya fi faɗin jirgin tsawo, ka gicciya shi a kan abin da ya fi komai tsayi, ka daidaita shi da filam irin na magina. Daga kowane ƙarshensa ka sako igiya mai ɗan nauyi har ta taɓa ruwa, ka auna. Idan lambobin biyu sun bambanta, jirgin ya karkata gefe guda. Ka rubuta babbar, ka kuma gyara jeren kayan ciki. Sai ka maimaita a kan kowane abu ɗaya bayan ɗaya: sanda a tsaye, rumfa, gilashin tare iska na bene, sitiyari, hannun giya, bayan kujera, ƙarfen dafawa, da katangar benen kanta. Abin da kake nema jeri ne daga sama zuwa ƙasa, wanda zai nuna maka santimita nawa kake samu idan ka cire kowanne, da kuma inda cirewa ta ƙare sai yanka.

Akwai awo na biyu da mutane ke mantawa, alhali shi ke fasa jirage. Tsofaffin gadojin dutse bakansu kamar na ƙofar soro yake, tsakiya a sama, gefe ya sauko. Lambar da ke cikin littafin hanya sau da yawa ta tsakiya ce. Jirgi kuwa yana da kafaɗu. Don haka a kowane tsayi ka auna faɗin jirgin a wurin: faɗin benen a mita 3, faɗin rufin ɗaki a mita 2.5, haka har ƙasa. Ka zana wannan a takarda mai layukan murabba'i kamar kana kallon jirgin daga gaba. Jirgi mai tsayin 3.20 da faffaɗan bene yana iya maƙalewa inda mai 3.30 da siririn kai ya wuce lafiya.

Nauyi yana ɗan taimakawa, amma ba kamar yadda ake zato ba. Tirola mai tsawon mita 10.5 da faɗin 3.5 a layin ruwa tana da fili kimanin murabba'in mita 26 a fuskar ruwa, ke nan sai an ɗora mata kusan kilo 260 kafin ta nutse santimita ɗaya. Lita 1,000 ta dizal, wato kilo 840, da lita 500 ta ruwan sha, za su saukar da ita santimita 5. Shiga ruwan daɗi daga na gishiri yana ƙara kusan santimita ɗaya. Wannan riba ce ta ajiyewa don ranar matsi. Zuba buhunan yashi ko dalma rabin tan don samun santimita 2 wahala ce marar amfani, kuma abin da ka samu a sama ka rasa shi a ƙasa.

Hanya kafin zarto

Da awon a hannu sai a zaɓi hanya, domin ita ke faɗin iyakar gyaran. Hanyar da aka fi bi zuwa kudu ita ce daga Seine a shiga kanal na Loing, da Briare, da wanda ke bin gefen kogin Loire, da Canal du Centre, a faɗa kogin Saône a Chalon. Duka a kan 3.50 suke, kuma a nan ne ake tsallaka Loire a cikin gadar ruwa ta Briare mai mita 662 da aka buɗe a 1896. Ta gabas akwai kanal da ya haɗa Champagne da Bourgogne, kilomita 224 da matakala 114, da ramin ƙarƙashin ƙasa na Balesmes mai kusan kilomita 5. Canal de Bourgogne ya fi su kyau a idon mutane da yawa, sai dai matakalarsa 189 ne a kilomita 242, kuma ramin Pouilly mai mita 3,333 rufinsa ya fi gadojin sauran hanyar gajarta, kusan mita 3.1 ne daga fuskar ruwa, bakansa ma a matse. Kanal na Nivernais kuwa gadojin tsakiyarsa wajen 2.70 suke, tirola mai bene ta manta da shi.

Canal du Midi, wanda Pierre-Paul Riquet ya gina tsakanin 1666 da 1681 daga Toulouse zuwa tafkin Thau, ya girmi dokar Freycinet da ƙarni biyu, don haka bai bi ta ba. Ana lissafa masa 3.30 a tsakiyar baka, gadar Capestang ce aka fi tsoro, kuma kada ka dogara da zurfin da ya wuce mita 1.4.

Mu a ganinmu, wanda zai bi hanyoyin 3.50 ya sa burinsa a 3.35 zuwa 3.40. Ruwan kanal ba ya zama wuri ɗaya: bayan ruwan sama mai ƙarfi, ko lokacin da matakalar sama ta sako ruwanta, yakan tashi santimita 10 ko fiye, kuma sau da yawa gadar tana manne da bakin matakalar, daidai inda ruwan ke kumbura. Wanda ke son Midi ya nemi 3.20 da siririn kai. Masu tirolar da aka saya a Amurka su lura: can gadar da ake shiri dominta a kusa da Chicago kusan mita 6 ce, yammacin kanal na Erie kuma mita 4.7, shi ya sa jirgin da aka ce an riga an gyara shi don gajerun gadoji yana iya zuwa Faransa da rarar mita guda.

Sanda

Sanda ce farkon abin da za a kwantar. A yanke ta kaɗan sama da gindinta, a yi mata gida na faranti biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa, lamba 316, kauri milimita 6 zuwa 8, da bol na milimita 14 ko 16 a matsayin hinji, da wani a ƙasansa mai kulle ta a tsaye. Idan sandar alminiyam ce, a raba ta da farantin da wasar roba da man hana cin ƙarfe, in ba haka ba cikin shekara biyu za ka ga farin gari yana fita, bol ya kama ya ƙi juyawa. Ƙarƙashin rufin da gidan zai zauna a sa farantin tallafi, domin rufin faiba mai katako a tsakiya ba ya jure a ja bol ta cikinsa. Ramukan a cike su da gam ɗin efoksi a sake hudawa, don ruwa kada ya shiga katakon.

Haɗarin yana wajen saukarwa. Ɗauki sanda mai mita 3.5 da kilo 40. Tana tsaye, igiyar da ke riƙe ta kusan ba ta ɗauke da komai. Tana kusa da kwanciya, idan igiyar ta fito daga wurin da bai fi hinjin da santimita 20 ba, nauyin da ke kanta yakan kai kilo 350, a nan ne igiya ke kuɓucewa sanda ta faɗo kan mutum. Maganin shi ne ƙafa biyu na bututu masu haɗuwa a sama, tsayin mita 1.2, a kafa su gefen hinjin igiyar ta bi ta kansu. Nauyin ya sauko zuwa kilo 60, da fuli mai ninki huɗu kuma mutum ɗaya ya sauke ta da hannu. A yi mata gwafa mai roba inda kanta zai kwanta, a ɗaure ta, sannan a sake aunawa, don sau da yawa kwanon radar da ke jikinta ne ke zama sabon ƙololuwa. A cire shi a ajiye a ciki, ba shi da aiki a kanal. Wayoyi a bar musu rarar santimita 30 a wajen hinji, da fulogi marasa shan ruwa. Farar fitila ta kan sanda kuwa doka na buƙatarta, sai a kafa ta wucin gadi a gajeren turke.

Bene

Rumfa a mayar da ita mai naɗewa baya, da fil masu zarewa maimakon noti, a tabbata ƙarafunanta sun kwanta ƙasa da katangar bene. Gilashin tare iska a ɗaure shi da noti masu kunne. Kujerun tuƙi a sa musu gindi mai zarewa. Sitiyarin sama yana fita da noti ɗaya idan an taɓa cire shi an shafa wa sandarsa giris. Wanda ya shekara ashirin bai motsa ba sai da abin zarewa, kuma gara a yi wannan a tashar gyara. Hannun giya da na totur sukan tsaya santimita 15 sama da allon tuƙi, mutane kan manta da su sai gada ta tuna musu. Eriya duka su zama masu lanƙwashewa.

Idan bayan duk wannan katangar benen kanta ta wuce 3.45, an zo wurin shawara mai nauyi. Ana iya yanke faibar a rage mata santimita 15 zuwa 20 a sake yi mata baki, amma aiki ne da ba ya komawa, yana rage darajar jirgin wajen sayarwa, kuma gajeriyar katanga haɗari ce a teku sai an ƙara ƙarfen dafawa mai cirewa. A wasu jiragen benen ɗaure yake da sukurori a kan rufi, ana iya ɗaga shi gaba ɗaya a tura shi kudu a mota. Wanda tafiya ɗaya zai yi ya duba wannan kafin ya ɗauki zarto. Da bene a kwance, daga ɗakin ƙasa za a riƙa tuƙi a ƙarƙashin gada. Kada kowa ya zauna a sama da niyyar sunkuyawa.

Abin da ke ƙarƙashin ruwa da cikin ɗakin inji

Tsofaffin tiroli da yawa, irin su Grand Banks da waɗanda aka ƙera a Taiwan a shekarun 1970 da 1980, suna ɗauke da injin Ford Lehman mai doki 120. Yana jin daɗin juyi 1,600 zuwa 1,800 a minti. Kanal kuwa iyakar gudu kilomita 6 zuwa 8 ne a awa, injin zai wuni a wajen juyi 1,000, bai yi zafi sosai ba, baƙin hayaƙi na taruwa a silinda da salansa. A tabbata na'urar daidaita zafinsa na aiki, ruwan inji na kai wa digiri 80, kuma duk lokacin da aka fita babban kogi a ba shi wuta na rabin awa.

Ciyawar ruwa da ganye da leda su ne abokan gaban injin da ke shan ruwan waje don sanyaya. A sa babbar matata mai murfin gani, sama da layin ruwa, inda hannu ke kai wa ba tare da ɗaga katako biyar ba. A lokacin zafi sai an buɗe ta sau biyu ko uku a rana. A riƙe robar famfon ruwa guda uku da gasket ɗinsu, don minti kaɗan babu ruwa ya isa ya ƙone ta. Ƙararrawar zafi a kan tiyon salansa ta fi agogon inji saurin sanarwa. A sandar farfela a sa wuƙar yanke igiya.

Tankunan mai na baƙin ƙarfe a waɗannan jirage daga sama suke ruɓewa, domin ruwa na bi ta sukurorin daɓen katakon tik da bakin zuba mai ya kwanta a kansu. A leƙa da madubi da tocila kafin a cika su. A Faransa jirgin shaƙatawa farin dizal irin na mota yake sha; jan da aka rage wa haraji haramun ne a tankin tuƙi, kuma jami'an kwastan na dubawa. Gidajen mai a bakin kanal sun yi nisa da juna, sai a riƙe jarka huɗu masu lita 20 da ɗan amalanke mai naɗewa.

Ƙarafan fansa, waɗanda ake ɗaurawa don tsatsa ta ci su ta bar farfela, a canza su. Na zinki yana yin ɓawo a ruwan daɗi ya daina aiki. Na magniziyam na ruwan daɗi ne kawai, gishiri na cinye shi da sauri. Mai ratsawa daga teku zuwa teku ya sa na alminiyam. Wutar tasha bolt 230 ce da shuɗin fulogi mai baki uku, kuma wurare da yawa amfiya 6 ko 10 kaɗai suke bayarwa. Jirgi mai wayoyin Amurka na bolt 120 yana buƙatar taransfoma, ko caja mai karɓar kowace wuta.

Ƙasan kanal kamar akushi yake, tsakiya da zurfi, gefe ba zurfi. Tirola mai inji ɗaya farfelarta na ɓoye a bayan ƙashin jirgin. Mai inji biyu farfelunta a fili suke kusa da gefe, don haka in za a tsaya a bakin gaɓa a tokare bayan jirgin da gora ko katako ya yi nesa da tudu. Mai inji ɗaya kuma ƙaramar farfelar juya goshi za ta sauƙaƙa masa shiga matakala idan iska na bugun gefe.

Cikin matakala da bakin gada

A tanadi igiya huɗu masu kaurin milimita 14 zuwa 16, biyu na mita 15, biyu na mita 20, da matasan roba aƙalla huɗu kowane gefe, wasu a rataye ƙasa har suna taɓa ruwa, domin matakala kan cika har baki matashin sama ya hau kan dutse. Katako mai mita 2 a gicciye a kan matasai biyu yana kare jirgi daga bangon ƙarfe mai kwarmi. Turaku biyu na ƙarfe da guduma don kwana a daji; ɗaure jirgi a bishiya haramun ne, musamman a Midi inda cutar naman gwari ta hallaka dubban bishiyoyin bakin ruwa, kuma raunin igiya na yaɗa ta.

A cikin matakala ba a ƙulle igiya. A zagaya ta a turke a riƙe da hannu. Wajen sauka, igiyar da ta maƙale tana rataye jirgi cikin daƙiƙu, don haka wuƙa mai kaifi ta zauna kusa da kowane mai riƙo. A nisanci ƙofar baya da mita biyu, akwai dakalin dutse a ƙarƙashinta da ke karya farfela da allon juya jirgi. Wajen hawa a tsaya baya gwargwadon iko, ruwan gaba ne ke tafasa.

Gada mai shakka a tunkare ta da tafiyar ƙafa, a miƙe tun daga nesa. Ƙaramar sandar roba a goshin jirgi, wadda kanta ya fi ƙololuwar jirgin da santimita 5, tana ba da labari kafin ɓarna: ta taɓa, a ja baya. Kada a tsaya cak da giyar baya mai ƙarfi a bakin gada, ruwan da jirgi ya turo yana dawowa ya ɗaga shi. Idan abin ya zo gab da gab, a cika tankin ruwa, a tara mutane a ƙarshen da ya fi tsayi, ko a roƙi mai tsaron matakala ya rage ruwan sashen kaɗan. Wani lokaci yana yiwuwa. Ramukan ƙasa kuma na buƙatar babbar fitila a goshi da rigar ceto.

Takardu da kwanaki

Hukumar VNF ce ke kula da yawancin hanyoyin, ita ake biya kuɗin hanya ta intanet gwargwadon tsawon jirgi da kwanakin tafiya. Matuƙi na buƙatar shaidar tuƙi ta ƙasa da ƙasa, ICC, da jarrabawar dokokin ruwan cikin gida, CEVNI; jirgin da ya kai mita 20 dokarsa dabam ce. Rediyon jirgi a sa masa lambar ATIS mai bayyana wane jirgi ke magana, tashar 10 ce ta magana tsakanin jirage. Wanda ba mazaunin Tarayyar Turai ba, jirginsa mai rajistar waje na iya zama wata 18 ba a biya haraji ba, amma shi kansa bizar Schengen kwana 90 ne cikin 180, kuma wannan ne ke yanke tsawon tafiyar mai fasfon Nijeriya ko Nijar ko Gana.

Lissafin kwana a yi shi da matakala. Canal du Centre kilomita 112 ne da matakala 61: awa 19 na tafiya a kilomita 6, da awa 15 idan kowace matakala ta ci minti 15, jimla awa 34, wato kwana shida ko bakwai. Ƙananan matakalu na aiki da rana ne kawai, da yawa suna rufewa lokacin abincin rana. A duba jadawalin rufe hanya don gyara da VNF ke fitarwa kowace shekara, da sanarwar yau da kullum, domin fari na rufe kanal: a 2022 an rufe ko an taƙaita zirga-zirga a hanyoyi da dama. Farawa a Mayu ya fi farawa a Agusta aminci ta fuskar ruwa.

Daga Lyon zuwa teku kilomita 310 ne a kan Rhône, da manyan matakalu 12, ta Bollène na sauke jirgi mita 23 a tashi ɗaya, turakunta na sauka tare da ruwa, rigar ceto kuma dole ce. Gadojin nan dogaye ne, ana iya mayar da rumfa da gilashi, amma sanda a bar ta kwance har Port-Saint-Louis. Can a tayar da ita, a duba bol ɗin hinji da wayoyin da ke riƙe ta, a gwada rada da fitilu, a wanke matatar ruwa, a canza filtar dizal kafin igiyar teku ta motsa dattin da ya kwanta a gindin tanki tsawon makonni.